Wata Bakwai Ban Taɓa Burushi Ba

Akwai wani littafi mai baƙin bango da ke kan teburina, gefensa duk ya sha fenti. Duk wanda ya shigo ɗakin zanena ɗauka yake littafin gwajin zane ne, sai ya buɗe da zumuɗi, ya tarar da lambobi zalla: ƙarfe nawa na zauna, ƙarfe nawa na tashi, me ya shigo, me ya fita. Wani abokina ya taɓa jujjuya shafukan ya ce, "Kai, wannan ai littafin akanta ne." Na ce masa ƙwarai kuwa, kuma albarkacinsa nake zane har yau.

A shekarata ta shida da ɗaukar zane sana'a na buɗe littafin, bayan na shafe wata bakwai ban taɓa burushi ba.

Ga yadda abin ya faru. Wani bawan Allah ya ba ni aikin zana iyalinsa, mutum shida a kan ƙyalle guda, da fentin mai, daga hotunan da ya turo mini ta waya. Shi ne aiki mafi girma da aka taɓa ba ni. Murna ta hana ni tunani, kunya kuma ta hana ni neman kafin alƙalami. Mutumin yana da faran-faran, yana yabon aikina, sai na ga kamar in na ambaci kuɗi tun farko zan zubar da girman abin. Na sayi ƙyalle da fenti da kuɗina, na kama aiki.

Daga nan aka shiga gyare-gyare. Hancin yarinyar ya yi faɗi. Uwargida ba ta son launin rigarta. Babban ɗan ya fi kyau a wancan hoton, a sauya masa zama. Wanda bai san fentin mai ba zai ɗauka gyara abu ne na minti biyar, alhali sai ka jira shafen farko ya sha iska na kwanaki, in ba haka ba launukan su cakuɗe su zama laka. Sau goma sha ɗaya na gyara zanen nan. Ina zama awa goma sha biyu a rana, wani lokaci fiye, don in cike gurbin sauran ayyukan da na ƙi karɓa saboda shi. Sai na fara farkawa cikin dare babban yatsana da manuniya da na tsakiya sun mutu murus, kamar na wani aka ara mini. In na yarfa hannun sai su dawo. Na yi banza da abin har ranar da burushi ya suɓuce daga hannuna ban ji fitarsa ba. Likita ta ce jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ce ta matse saboda maimaita motsi iri ɗaya, ta ɗaure mini hannun, ta ce in huta. A makon ne mai aikin ya aiko da saƙo cewa sun sake shawara, Allah ya bar zumunci.

Garin neman gira na kusa rasa ido.

Hannun ya warke cikin wata biyu. Sauran wata biyar ɗin, ciwon ba a hannu yake ba. Sai in shiga ɗakin, in ji warin fenti, ƙirjina ya yi nauyi, in ja ƙofa in fita. Na fara gaya wa kaina cewa dama can ba ni da baiwar, sa'a ce kawai ta ɗauke ni shekara shida, yanzu kuma asiri ya tonu.

Wanda ya koya mini haɗa launi, dattijo ne da ya haura saba'in a lokacin, shi ya zo har gida. Ya tsaya gaban zanen iyalin nan ya daɗe yana kallo, ni kuwa ina jiran ya ce wani abu a kan haske ko inuwa. Sai ya ce:

"Awa nawa ka yi a kansa?"

Na ce, "Wallahi Malam ban sani ba."

"To da me ka yanka masa kuɗi?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Ɗana, na ga masu zane da yawa sun ajiye sana'ar nan. Ban ga ko ɗaya da baiwa ta ƙare wa ba. Wani kuɗi ne suka ƙare masa, wani jiki, wani zuciya. Kai ka haɗa ukun a aiki guda, kana zagin baiwa."

Na so in yi masa musu, domin a lokacin ina cikin masu ganin wahala ita ce shaidar mai zane na gaskiya. Duk wanda ya taso yana son zane ya sha labarin Vincent van Gogh: talaka, mara lafiya, duniya ba ta san darajarsa ba sai bayan ransa. Mun haddace labarin har muka mai da shi abin koyi. Amma da na koma na bi tarihinsa a tsanake, sai na ga rabi aka ba mu. Mutumin nan ya yi zanen fentin mai kusan 860 cikin shekara goma kacal, kuma hakan ya yiwu ne don ƙanensa Theo, wanda dillalin zane ne a Paris, yana aika masa kuɗi a kai a kai, har da fenti da ƙyalle. Ciwon ma da ake cewa shi ne sirrin aikinsa, a shekarar da ya yi a asibitin Saint-Rémy, daga 1889 zuwa 1890, in ciwon ya taso masa kasa aiki yake yi na makonni. Sai ya samu sauƙi yake komawa kan burushi. Ya rasu a 1890 yana da shekara 37, Theo ya bi shi bayan wata shida. Sunan da ya yi daga baya kuwa, aikin matar Theo ne, Johanna, wadda ta gaji zane-zanen, ta yi ta fafutukar nuna su shekara da shekaru, har ta shirya babban baje kolinsu a Amsterdam a 1905. Ciwon bai ba shi komai ba. Ƙwace masa ya yi, ya ƙwace mana duk abin da zai zana da ya kai sittin.

Tun daga nan, duk mai zanen da na ji ana yabo, tambayar da nake fara yi ita ce: wa ya riƙe shi kafin aikin ya riƙe kansa? Kullum akwai amsa. Henri Rousseau ma'aikacin karɓar haraji ne a Paris, sai a 1893 ya ajiye aikin, yana da shekara 49. Mark Rothko ya yi sama da shekara ashirin yana koyar da yara zane a Brooklyn. Carmen Herrera, haifaffiyar Kyuba da ta zauna a New York, albashin mijinta na malamin makaranta ne ya riƙe gidan tsawon shekarun da babu mai sayen aikinta. Na kawo waɗannan ne saboda matasan da ke rubuto mini cikin jin kunya suna cewa su "ba cikakkun masu zane ba ne" don suna aikin ofis da rana. Ni dai ban ga abin kunya a nan ba. Wanda albashi ya ɗauke masa kuɗin haya yana da 'yancin da ni ban da shi a shekarun farko: yana iya cewa a'a.

Bari in koma kan littafin, don a nan ne na fi shan mamaki. Da na yi wata uku ina rubuta komai, sai na ga lokacin da burushi ke hannuna bai wuce kashi ɗaya cikin uku na lokacin aikina ba. Sauran ya tafi wajen amsa saƙonni, ɗaura ƙyalle a katako, shafa masa farin share fage, wanke burushi, ɗaukar hoton aikin da aka gama, naɗewa, aikawa, da bin bashi. Ni kuwa duk shekarun nan kuɗin kashi ɗayan nan kawai nake caza, shi ma da ka, ba da lissafi ba. Nakan kalli fuskar mai saye in yanka abin da nake jin ba zai sa ya ɓata rai ba. Ashe shekara shida ina biyan mutane don su karɓi aikina.

Yanzu lissafin ba shi da wuya. Na san abin da nake buƙata a wata don in rayu ba tare da rance ba. Na san awa nawa jikina ke iya yi a wata ba tare da ya yi ƙara ba. In na raba wancan da wannan, na sami kuɗin awa guda. Sai in ƙiyasta awannin da aikin zai ci, duka, har da na wanke burushi, in ɗora kuɗin kaya. Ƙasa da haka ba na sauka. In kuwa layin masu jira ya kai wata uku, alama ce farashin ya yi ƙasa, sai in ɗaga kaɗan. Abin da ba na yi shi ne in ɗaga yau in sauke gobe, domin wanda ya saya da tsada bara, in ya ji ka karyar bana, ka rasa shi ka rasa duk wanda zai turo maka.

Rabin kuɗi kafin in taɓa ƙyalle. Gyara sau biyu, ɗaya a matakin fensir, ɗaya kafin shafen ƙarshe. Na uku da kuɗinsa. Duk a rubuce, ko da a saƙon waya ne. Ranar da na fara faɗin wannan da bakina, muryata har rawa take. Wata mata ce, ta ce, "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce, "Hajiya, na yarda da ke. Fenti ne ba a ba ni bashi." Ta yi dariya ta biya. Daga baya na lura cewa masu niyyar biya ba sa jin haushin sharaɗi, har ma yakan kwantar musu da hankali. Wanda ya fusata don an nemi kafin alƙalami, ya taimake ka, ya nuna maka ƙarshen labarin tun a shafin farko.

Akwai kuma masu zuwa da cewa ka yi musu kyauta, ai za su tallata ka, mutane da yawa za su gani. Na yi irin wannan sau uku. Mutanen da suka gani sun zo, su ma kyauta suke so.

Wani abin da na jima ban sani ba: sayar da zane daban, sayar da haƙƙin mallakarsa daban. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin aikinka naka ne tun daga lokacin da ka yi shi, ba sai ka yi rajista ba. A yawancin ƙasashe, wanda ya sayi ƙyallen ya mallaki ƙyallen ne ya rataye a bangonsa. Buga hoton a riguna ko bangon littafi ko talla wani ciniki ne na daban. Dokokin aikin da aka ba ka kwangilarsa sukan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa nake rubuta layi guda a kan wannan a kowace yarjejeniya, a wuce wurin.

Gidajen baje kolin zane sukan ɗauki rabin kuɗin duk abin da suka sayar. Da can ina ganin wannan kura da shan bugu ne, gardi da kwashe kuɗi. Yanzu na sassauta: gidan da ya san aikinsa yana da masu sayen da ni ba zan taɓa kaiwa gare su ba, kuma rabin wani abu ya fi dukkan babu. Sai dai ban yarda in rataya rayuwata a ƙusa ɗaya ba. Johannes Vermeer, wanda ayyukansa da suka rage ba su kai arba'in ba, kasuwar zane ta ruguje masa lokacin da yaƙi ya afka wa Holan a 1672. Bayan shekara uku ya rasu yana da shekara 43, ya bar mata da 'ya'ya goma sha ɗaya da tulin bashi. Rembrandt ma, da duk sunansa, ya karye a 1656, aka yi gwanjon gidansa da kayansa. Wanda na fi ɗaukar darasi a wurinsa shi ne Albrecht Dürer na Jamus, wanda tun wajen shekarar 1500 ya gane cewa zane guda bango guda yake hawa, amma in ya sassaƙa hoto a katako ko farantin tagulla, zai buga ɗaruruwa. Matarsa Agnes ce ke kai su kasuwanni tana sayarwa. Ni ma yanzu ƙafa uku nake tsaye a kai: aikin da aka ba ni, kwafin ayyukana da nake bugawa, da ajin koyarwa sau biyu a mako. In ɗaya ta yi rauni, biyu na riƙe da ni. Duk watan da ya yi kyau kuma ina cire wani abu in ajiye, har ya kai abin da zai riƙe ni wata uku, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ajiyar nan ta gyara mini zane fiye da kowane burushi mai tsada. Mai zanen da kuɗin haya ke bin sa, hannunsa tsoro yake ji, kuma tsoron yana fitowa a ƙyalle.

Kuɗi ke nan. Zuciya ta fi wuyar sha'ani, kuma a nan har yau ina tuntuɓe.

A wata biyar ɗin nan da na yi ina gudun ɗakina, ban daina kallon zane ba. Kwance nake ina ta jan allon waya, ina kallon ayyukan wasu. Yarinya 'yar shekara sha tara tana zana ido kamar zai ƙifta. Wani da muka fara tare ya yi baje koli a ƙasar waje. Sunan abin da nake ji hassada ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, ina gwada kwandon sharata ne da bangon falonsu. Ba mai ɗora zanen da ya lalace. Ni ma ba na ɗorawa.

Ga kuma jarabar ƙirga masu danna alamar so. Tun da Instagram ya daina jera hotuna bisa lokacin da aka ɗora su a 2016, ya koma zaɓar wa mutane abin da za su gani, yawan waɗanda aikinka ya kai gare su ya daina zama ma'aunin kyansa, in ma ya taɓa zama. Na san haka a kaina, amma duk da haka na kama kaina ina zana abin da na san zai yi farin jini: manyan idanu, ɗigon hawaye, launi mai ƙyalli. Zanen da na yi cikin awa biyu ya tara dubbai, wanda na yi wata guda a kansa ko kallo bai samu ba. Littafin baƙin bango ne ya sake cetona. Da na bi sawun masu sayen aikina na shekara biyu, sai na ga kusan dukansu ta bakin wani da ya taɓa saya suka zo, ko ɗalibi, ko wanda ya ga aikin a bangon gidan wani. Dubban nan masu dannawa, 'yan kallo ne, Allah ya saka musu, amma ba su ne ke riƙe da ni ba. Yanzu waya ba ta shiga ɗakin zane kafin azahar. Ina ɗora aiki sau ɗaya a mako, in amsa saƙonni, in fita.

Hassadar kuwa ban kashe ta ba, aiki na ba ta. In aikin wani ya sa ƙirjina ya yi zafi, sai in tambayi kaina mene ne takamaimai ya tsone mini ido. Sau da yawa amsar ƙarama ce: yadda ya bar gefen hoton bai ƙarasa ba, ko yadda ya yi inuwa da shuɗi maimakon baƙi. Wannan abin koyo ne, sai in je in gwada. In kuwa amsar ita ce "ya fi ni suna", to wannan ba ta da magani a ɗakin zane, sai in tashi in wanke burushi.

Ina da wata durowa da nake kira maƙabarta. Kowace safiya, kafin in taɓa aikin kowa, ina yin minti talatin ina zana abin da ba wanda zai gani, da gawayi a kan takarda mai arha. Kofi, tafin hannuna, inuwar taga. Yawancinsu munana ne, kuma an yi su ne don su yi muni. Ta wannan ƙofar na dawo bayan wata bakwai. Malam ne ya ce kada in kuskura in fara da ƙyalle, in nemi takardar da ba zan ji zafin yagawa ba. Ranar farko minti goma na iya. Duk wani sabon abu da ya shigo aikina a shekarun nan, daga durowar nan ya fito, ba daga aikin kwangila ba.

Jiki kuwa, abin da na sani kaɗan ne kuma kowa ya san shi, yi ne ba a yi. Ina saita agogo, duk minti arba'in in tashi in miƙe in saki yatsu. A tsaye nake zane yanzu, motsin yana fitowa daga kafaɗa maimakon wuyan hannu. Taga a buɗe take in ina aiki da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, domin ciwon kan da na yi shekaru ina ɗora wa gajiya, ashe tururinta ne. Ba na cin komai da hannun fenti, tun da na san wasu jajaye da rawaya da sinadarin kadmiyam ake yin su, wani farin kuma da dalma. Kwana ɗaya a mako ko ƙofar ɗakin ba na buɗewa. Kuma in nauyin ƙirjin nan ya dawo ya ƙi tafiya, yanzu na san ba a kai shi gaban ƙyalle, wurin likita ake kai shi, kamar yadda na kai hannuna. Na yi hakan sau ɗaya, ban ji kunya ba, ban kuma rasa komai na baiwa ba.

Wani lokaci ɗalibaina, 'yan ashirin da wani abu, sukan ce mini lokaci ya ƙure musu. Dariya ce ke kama ni, amma ina dannewa, don ni ma na faɗi haka a shekarunsu. Hokusai na Japan ya kai kusan saba'in lokacin da ya yi hoton babbar igiyar ruwan nan da duniya ta san shi da ita, wajen 1831. Henri Matisse, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta hana shi tsayuwa gaban ƙyalle, almakashi ya ɗauka yana yanka takardu masu launi daga kan kujera, ya ci gaba har ya rasu a 1954. Carmen Herrera da na ambata ɗazu, sai a 2004 kasuwa ta waiwaye ta, tana da shekara 89, kuma ta rayu har 106. Ba na ba su waɗannan labaran don su zauna jiran tsufa. So nake su ga cewa kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana nan a bakin aiki lokacin da abin ya zo, kuma zama a bakin aiki shekara arba'in yana buƙatar haya da aka biya, da hannu mai motsi, da zuciyar da ba ta tsani warin fenti ba.

Zanen iyalin nan ya yi shekara huɗu a jingine, fuskarsa na kallon bango. Bara na juyo da shi. Fuskokin shida duk sun mutu, gyara ya kashe su, fenti ya yi kauri kamar tabo. Amma a ƙasa ta hagu akwai hannun kakar gidan a ɗore kan gwiwarta, wanda na zana a zama ɗaya a makon farko, ba wanda ya kula da shi balle ya ce a gyara. Na sa reza na yanke wurin, bai fi tafin hannu biyu ba, na sa masa firam na rataye saman tebur, daidai inda littafin yake. Sauran ƙyallen na shafe shi da fari, ɗalibai suna gwajin haɗa launi a kai.